Burgu Ya Zo da Wuri

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso tun daga bakin teku.

Ta zo mu ji ta, ko da a jiƙe take.

To, ku gyara zama. Ke Barmani, tura icen nan ciki, hayaƙi na shigar mini ido.

Wai an yi wani Burgu ɗan canji. A gindin wata tsamiya yake zama a bakin kasuwa, da 'yar tabarmarsa da ƙoƙonsa. Kuɗin wancan zamani wuri ne, ɗan farin nan mai tsaga a ciki da kuke gani ana adon ƙwarya da shi. In guda ne a ce wuri, in sun taru a ce kuɗi. Fatake in sun zo da gishiri ko kanwa, Burgu ke canza musu zuwa wuri. In yana ƙirga bakinsa na motsi, sai a zaci addu'a yake yi. Ina addu'a! Cewa yake, "Ɗaya naka, ɗaya na kunci. Ɗaya naka, ɗaya na kunci." A lokacin kumatunsa 'yan ƙanana ne tsaf, kamar na kowa.

Ana nan, ana nan, sai wata shekara damina ta yi albarka, kowa ya sami rarar abin hannu. Sai labari ya zo cewa Kwasakwasa, tsuntsun nan mai jaka a ƙarƙashin baki, yana da wani ƙaton jirgin ruwa. Sau ɗaya a shekara yake kwasar dabbobi ya kai su yawon shan iska, daga wannan tsibiri zuwa wancan, sannan ya dawo da su gida.

Burgu yana da wata maƙwabciya, tsohuwar Bushiya. Ta zo ta ce, "Ɗan nan, ni kam za ni. Kafin in mutu in ga ruwan da ba a hango ƙarshensa."

Burgu ya ce, "Haba Gwaggo! Iskar da ake sha kyauta a ƙofar gida, ita za ki biya kuɗi ki je sha a kan ruwa?"

Ta ce, "Abin da ya dame ni guda ne. An ce kowane tsibiri da irin kuɗinsa, ba sa karɓar namu."

Kunnen Burgu ya miƙe. Ya ce, "Gwaggo, ni ma kwanan nan ƙirjina na yi mini nauyi. Ina ganin iskar nan za ta amfane ni."

Ya naɗe tabarma, ya ɗauki ƙoƙo, ya ɗaure guzurinsa na gyaɗa, suka kama hanya.

Jirgi ya tashi. Ruwa shuɗi ya kwanta luf, iska na kaɗawa a hankali, kowa ya baje. Gwaggo Bushiya ta sami inuwa ta zauna tana kallon ruwa tana salati. Burgu kuwa can tsakiya ya lafe, ko leƙen ruwan ba ya yi, don bai iya iyo ba ko a kududdufi.

Suka iso tsibirin Aku. A can kuɗinsu jan gashin tsuntsu ne. Burgu ya shimfiɗa tabarma a bakin tsani ya ce, "Jama'a, kada wanda ya sauka da kuɗin gida, za a cuce shi. Ku kawo in canza muku." Aka kawo. Ɗaya naka, ɗaya na kunci. Aka sauka, aka sha ruwan kwakwa, aka ci ayaba, aka dawo.

Suka iso tsibirin Birai. A can kuɗinsu busasshen kifi ne. Burgu ya ce, "Jan gashi ba ya ci a nan. Ku kawo in canza muku." Aka kawo. Ɗaya naka, ɗaya na kunci. Abin da ya ƙi shiga kunci ya shiga ƙarƙashin tabarma.

Gwaggo Bushiya ta dubi ɗan abin da ya rage a tafinta ta ce, "Ɗan nan, kuɗin nan nawa kullum ramewa suke yi."

Ya ce, "Iskar teku ce, Gwaggo. Tana busar da su."

Ta ce, "To. Kai kuwa na ga ta karɓe ka."

Sai suka iso tsibiri na ƙarshe, tsibirin Ƙaguwa. Farin yashi shimfiɗe, itatuwan kwakwa sun sunkuyo har suna taɓa ruwa, ga wani tudu a tsakiya. Burgu ne ya fara sauka, wai zai jiyo farashin gari. Ya tarar da wata Ƙaguwa a bakin raminta, idanunta a tsaye kamar tsinken tsintsiya.

Ya ce, "Sannu Uwar gida. Mene ne kuɗinku a nan?"

Ta ce, "Mu ba mu da kuɗi. Abin da ka ba ni, in ba ka abin da nake da shi. Mene ne wannan kake tauna mai ƙamshi?"

Ya miƙa mata ƙwayar gyaɗa guda. Ta ci, ta lumshe ido. Ta ce, "Kai, wannan abu da daɗi yake! Ba ni da abin kirki da zan saka maka da shi, sai wannan tarkacen." Ta shiga rami ta turo masa wuri cikin tafi, farare tas.

Burgu ya ƙura wa wurin ido. Ya ɗaure fuska ya ce, "Wannan tarkacen, a ina kuke samunsa?"

Ta ce, "Bayan tudun can. Ruwa ke amayo mana shi, mun gaji da shara."

Burgu ya koma da gudu ya ce wa mutanen jirgi, "A nan ba a ciniki, ku sha iskarku a bakin ruwa. Amma kada kowa ya haura tudun can, kadoji ne a baya, sun yi kwana da kwanaki ba su ci ba." Kowa ya ce Allah ya kiyaye.

Sai Kwasakwasa ya hau kan jirgi ya buɗe murya. Ya ce, "Ku saurara! Da la'asar ruwa zai janye, jirgi ba zai jira kowa ba. Wanda ya zo da wuri, shi ke da wuri. Wanda bai zo da wuri ba, sai baɗi war haka."

To, ku kun ji abin da ya faɗa, ko? Kowa ma ya ji. Amma kunnen da ya shekara yana jin ƙarar kuɗi, magana ɗaya yake ganewa. Burgu ya ce a ransa, "Ashe! Wato kuɗin komawa daban ne. Wanda ya zo da wuri shi zai sami wurin zama. Wanda ya fi kowa kawowa kuwa, ai shi ke da bene, kusa da sarkin jirgi. Sauran kuma in kai gida in sayi kasuwa da tsamiyarta."

Ya shiga ya kwaso duk abin da ya tara, da jan gashi, da kifi, da guzurinsa na gyaɗa. Gwaggo Bushiya ta gan shi zai fita ta ce, "Ɗan nan, ka dai ji. Da wuri fa aka ce."

Ya ce, "Da shi zan zo, Gwaggo."

Ta bi shi da kallo ta ce, "Ikon Allah."

Ya sami Ƙaguwa ya zube mata kayan gaba ɗaya, ya ce ta ba shi buhu ta nuna masa hanya. Ta dubi tulin gyaɗa, ta dube shi, tausayinsa ya kama ta. A ranta tana cewa ta cuci baƙo, shi kuma a ransa yana cewa ya cuci 'yar gari. Suka kama hanya kowa na murmushi. Ita Ƙaguwa kun san tafiyarta, a karkace take yi. In ya ce gaba ta yi gefe, in ya ce sauri ta tsaya ta ɓare gyaɗa. Kafin su haura tudu rana ta take tsaka.

Da Burgu ya leƙa bayan tudu sai ya zauna daɓas. Wuri ne ko'ina, iyakar ganinsa, yana ƙyalli a rana. Ya faɗa ciki ya yi birgima. Ya tashi ya fara ɗiba. Ɗaya na buhu, ɗaya na kunci. Ɗaya na buhu, ɗaya na kunci. Buhu ya cika, ya cika hula. Hula ta cika, ya koma kan kunci. Kunci ya ce ya ƙoshi, Burgu ya sa yatsa ya danna. Fata ta miƙe, ya ƙara. Ta ƙara miƙewa, ya ƙara, har kumatunsa suka sauko suna taɓa kafaɗa.

Ƙaguwa ta ce, "Baƙo, inuwa fa ta juya."

Ya ce, "Mmm."

Ta ce, "Ruwa ya fara janyewa."

Ya ce, "Mmm," ya ƙara cusa guda.

Da ƙyar ya kinkimi buhu. Ya hau tudu yana nishi, ya gangaro yana tangaɗi. Ko da ya iso bakin ruwa, an janye tsani, jirgi ya bar gaɓa, yana tafiya a hankali abinsa.

Burgu ya buɗe baki zai yi kira. Ina! Baki a toshe. "Mmm! Mmm!" Ya ɗaga hannu, mutanen jirgi suka zaci ɗan gari ne ke yi musu sai wata rana, su ma suka ɗaga masa.

Ƙaguwa ta zauna kusa da shi tana ɓare gyaɗarsa. Ta ce, "Kada ka damu, baɗi za su dawo. Muna da laka mai laushi, da ita muke kalaci. Amma in kana son gyaɗa, sai ka kawo abin kirki mu yi canji. Ban da tarkacen nan."

A nan ne tsoro ya kama Burgu, tsoro na gaske. Ya dubi ruwan da bai iya shiga ba. Ya dubi buhun kuɗin da ba zai saya masa ko loma ba. Ya tuna raminsa, da tsamiyarsa, da ƙamshin ƙuliƙuli ranar kasuwa. Sai ya runtse ido ya tofar. Farrr! Wuri ya watsu a yashi, ya yi ta zuba kamar ana sheƙe gero. Sannan ya ƙwala kira, "Sarkin jirgi! Ranka ya daɗe! Sarkin jirgi!"

Kwasakwasa ya waiwayo ya ce, "Wa nake ji kamar Burgu? Ai ka makara. Sai baɗi."

Burgu ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka tafi, maimaita mini abin da ka faɗa ɗazu."

"Na ce wanda ya zo da wuri, shi ke da wuri."

Burgu ya sunkuya ya ɗauki guda ya ɗaga sama. Ya ce, "To, ga ni na zo da wuri."

Mutanen jirgi suka fashe da dariya. Kwasakwasa ya ce, "Ba wannan nake nufi ba, ka sani."

Burgu ya ce, "Ni ban ji abin da ka nufa ba, abin da ka faɗa na ji. A tambayi Gwaggo, ita ba ta ƙarya."

Gwaggo Bushiya ta dube shi. Ta ga kumatun nan sun zube kamar tsohuwar jaka. Ta ce, "Ashe nan canjinmu ke kwana." Sannan ta juya ta ce, "Sarkin jirgi, gaskiya haka ka faɗa. Ɗauko shi. Mugu ne, amma uwarsa ƙawata ce."

Shi kuwa Kwasakwasa bai taɓa janye maganarsa ba. Ya tashi fir, ya sauka a gaban Burgu. Burgu ya yi wuf ya rungumi buhu.

Kwasakwasa ya ce, "A'a. Wuri na ce, ban ce kuɗi ba. Guda."

Burgu ya ce, "Ranka ya daɗe, ko hular nan?"

"Guda."

Ya saki buhu, ya zubar da na hula, hawaye na bin kumatun da ba su da abin tare su. Kwasakwasa ya kwashe shi a jakar bakinsa, da shi da wurinsa guda, ya kai shi jirgi ya juye. Burgu ya kakkaɓe jiki ya nufi tabarmarsa.

Kwasakwasa ya ce, "Ina za ka? Tunda magana muke bi, mu bi ta har ƙarshe. Wurin da ka zo da shi, shi ne wurinka. Ajiye ka hau."

Haka Burgu ya ajiye wurin nan a ƙasa ya ɗare kai, ƙafa kan ƙafa, ya naɗe wutsiya a wuya. Ruwa ya kwanta luf, iska na kaɗawa, kowa ya baje yana gyangyaɗi, Burgu na tsugune a kan kuɗinsa. In ya motsa a ce, "Malam, ka fita daga wurinka." Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya tambaye shi yau nawa ake canji.

Da suka iso gida, ya sauko da ƙyar, ƙafafu sun sage. Ya ɗauki wurin ya hura masa iska ya ce, "Ko ba komai, ban dawo hannu sake ba."

Sai ya ga tafin Gwaggo Bushiya a gabansa. Ta ce, "Ɗan nan, kuɗin shaida."

Ya ce, "Haba Gwaggo, guda ne fa!"

Ta karɓa ta ƙulle a bakin zane. Ta ce, "Ɗaya nawa."

Ya jira ta ƙarasa, ba ta ƙarasa ba. Ya ce, "Na kunci fa?"

Ta ce, "Kunci ya ci nasa tun a tsibirin Aku."

Shi ya sa har yau in kun kama burgu za ku ga kumatunsa jaka-jaka, kullum yana cusa abu a ciki, kullum ba sa cika. Kuma ba ya son fita da rana, kada a tambaye shi farashi.

Ƙurunƙus kan burgu, da kumatunsa duka biyu. Darasin kuwa shi ne, in za ku yi sata ku bar ɗan fili a baki saboda kiran jirgi. Ku tashi ku kwanta, gobe ina son ganinku da wuri. Wanda ya kawo mini na ƙwarya, zai sha rankwashi.