Ranar da Alhaji Abdulƙadir Ya Tsallake Layin Gwaji

Akwai wani ɗan kwangila a Nassarawa GRA, a nan cikin Kano, ana kiransa Alhaji Abdulƙadir. Mutum ne mai sakin hannu, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma yana da wani hali da ya zame masa jiki: a ganinsa doka ta waɗanda ba su san kowa ba ce.

Autarsa Nabiha tana ajin ƙarshe a wata makarantar kwana ta 'yan mata, ta gwamnati, can wajen gari. Shi makarantar kuɗi ya so kai ta, amma yarinyar ta ci jarrabawar shiga da ƙoƙarinta, ta nace can take so, domin makarantar ta yi suna a fannin kimiyya, ita kuma likita take burin zama.

A shekarar da korona ta sake juyowa, bayan hutun ƙarshen shekara, makarantar ta sanar da iyaye cewa babu ɗalibar da za ta shiga ɗakin kwana sai an yi mata gwaji a bakin ƙofa. Wadda aka samu da cutar za ta koma gida ta killace kanta har ta warke.

A cikin hutun nan an yi bikin yayan Nabiha a Abuja. An cika ɗakin taro maƙil, an rungumi juna, an yi hotuna, babu mai takunkumi.

Ana gobe komawa makaranta, Nabiha ta sami mahaifiyarta, Hajiya Hasiya, a kicin.

"Umma, na fesa turare ban ji ƙamshinsa ba. Miyar jiya ma kamar ruwa nake sha."

Hajiya ta taɓa goshin yarinyar, ta ji da ɗan ɗumi. Da Alhaji ya fito karin kumallo ta gaya masa, ta ce a bar Nabiha a gida, a kira likita ya gwada ta.

Alhaji ya ajiye kofin shayi.

"Mura ce. Kowa ya dawo daga biki da gajiya."

"Alhaji, idan kuma ita ce fa?"

"To sai me? So kike motar asibiti ta tsaya a ƙofar gidan nan, mutane sanye da fararen kaya su shigo suna feshi, unguwa ta ɗauka gidan Abdulƙadir an kamu? Surukanmu su ce a bikinmu aka raba cuta? Gobe da kaina zan kai ta. Kada in sake jin maganar nan."

Hajiya ta san in ya kai nan, ba a ƙara masa.

Washegari da hantsi suka isa makarantar. An kafa rumfa a bakin ƙofa, ma'aikatan lafiya na zaune, ɗalibai sun yi dogon layi da akwatunansu da bokitai. Iyaye na tsaye a rana suna jiran sakamako. Alhaji bai ko kashe mota ba, ya nufi ƙofa kai tsaye yana danna ham.

Wata dattijuwa sanye da takunkumi ta ɗaga masa hannu. Ita ce Madam Loretta, 'yar Wusasa ta Zariya, malamar da ke kula da ɗakin kwanan manyan ɗalibai. Ta daɗe a makarantar har ta koyar da iyayen wasu daga cikin yaran. Tana fama da ciwon suga, an ma ba ta shawarar ta zauna a gida a wannan zangon, ta ce ba za ta bar 'yan ajin ƙarshe ga jarrabawa na tahowa ba. Yaran kuwa Mama suke ce mata.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Nabiha ta sauko ta bi layi, ba ya ɗaukar lokaci."

Alhaji ya sauke gilashi rabi.

"Ke wace ce?"

"Ni ce mai kula da ɗakinsu."

"To mai kula da ɗaki, 'yata lafiyarta ƙalau. Ba wanda zai zura mata tsinke a hanci a bainar jama'a. Buɗe ƙofa."

Madam Loretta ta sunkuya ta leƙa kujerar baya. Ta ga idanun yarinyar sun yi ja.

"Nabiha, lafiya kuwa?"

Nabiha ta ɗaga kai, idonta ya haɗu da na mahaifinta a madubi. Ta sunkuyar da kai.

"Lafiya lau, Mama."

"Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri," in ji Madam Loretta. "A ɗakin nan akwai masu asma, akwai masu sikila. Gado na jikin gado. Dokar ta kowa ce, ko 'yar da na haifa ce sai ta bi layin nan."

Alhaji ya zaro waya, ya kira wani babba da ya sani, suka yi dariya, suka tambayi iyali, sannan ya ce ga wata mata ta tare shi a ƙofar makaranta kamar ɓarawo.

Ba a jima ba sai ga shugabar makaranta ta fito da sauri, waya a kunne, tana ta "to ranka ya daɗe, an gama, ranka ya daɗe."

"Madam, bar su su wuce."

"Ranki ya daɗe, ki dubi idon yarinyar nan."

"Daga sama ne, Madam. Ni ma ba yadda zan yi."

Maigadi ya buɗe ƙofa. Da motar ta zo wucewa, Alhaji ya sake sauke gilashi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"In an ba ki gadin ƙofa, ba a ce gidan naki ba ne. Ki san matsayinki."

Iyayen da ke tsaye suka bi motar da kallo. Madam Loretta ta gyara takunkuminta, ta juya ta ce da yarinyar da ke gaban layi, "Matso, 'yata."

Ba a yi kwana uku ba zazzaɓi ya kayar da Nabiha a cikin aji. Ma'aikaciyar jinyar makarantar ɗaya ce tak, kuma ranar ta raka wata ɗaliba asibiti. Madam Loretta ce ta riƙo Nabiha har ɗakin jinya. Ita ta riƙa jiƙa tawul tana goga mata, ita ta dama mata kunu, ita ta riƙe mata kai lokacin da take amai.

Da jikin ya ɗan lafa, Nabiha ta fashe da kuka.

"Mama, ƙarya na yi miki a mota. Tun a gida ba na jin ƙamshi."

"Na sani tun a ranar."

"To me ya sa kike taɓa ni? Ki fita, don Allah. Ba ki da lafiya ke ma."

"In na fita wa zai ba ki magani? Buɗe baki."

Aka kira ma'aikatan lafiya, suka gwada ta. Korona ce. Alhaji ya zo da yamma ya ɗauke ta a ɓoye zuwa wani asibitin kuɗi, bai tsaya ya gaisa da kowa ba.

Amma aikin gama ya gama. Cikin mako guda tari ya cika ɗakin manyan ɗalibai. Aka kwashi wasu zuwa cibiyar killacewa, wata mai asma sai da aka saka mata iska kafin ta dawo hayyacinta. Aka rufe makarantar, aka sallami kowa. Yaran da suka sha rana a layi suka koma gidajensu da cutar da ba su zo da ita ba.

Ana cikin haka Madam Loretta ta kwanta. Da farko ta ce gajiya ce. Daga baya numfashi ya fara gagararta. Aka kai ta cibiyar killacewa, suga ya hau, huhu ya ƙi karɓar iska.

Ba ta fito ba.

Nabiha kuwa ta warke sarai, kamar ba ta taɓa ciwo ba. An ɓoye mata labarin, amma waya ba ta da sirri. A zauren WhatsApp na 'yan ajinsu ta ga hoton Mama, an rubuta a ƙasa cewa ta rasu. Tana cikin karantawa wata ta rubuta: "Duk mun ga motar da ta ƙi bin layi." Wata ta ƙara: "Allah ya isa." Kafin ta iya rubuta ko kalma ɗaya, aka cire ta daga zauren.

Daga ranar Nabiha ta rufe kanta a ɗaki. Abinci sai an yi da gaske. Littattafanta ta tura su ƙarƙashin gado. Da aka sake buɗe makaranta ta ce ba za ta koma ba.

Alhaji ya shiga ɗakinta ya zauna a bakin gado.

"Mamana, ajali ne. Kwananta ne ya ƙare. Bar wannan makarantar, zan fitar da ke waje. Masar kike so ko Turkiyya? Ki zaɓa."

"Abba, duk inda ka kai ni, da ni za a je."

"Me kike nufi?"

"Ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Don na ga idonka. Da ka bar ni na bi layin nan, da yanzu tana aji tana koyarwa."

Bai taɓa jin ta yi masa magana haka ba.

"Ka kai ni Zariya," in ji ta. "Ina so in ga iyalinta."

Ya yi ta kawo uzuri, ita kuma ta daina cin abinci gaba ɗaya. Dole ya kai ta.

Gidan ƙarami ne, a bayan wata majami'a a Wusasa. Suka tarar da mijin marigayiyar, Malam Malachi, tsohon malamin firamare, zaune a kan benci a tsakar gida. Ya ba su wuri, ya sa aka kawo ruwa. Alhaji ya yi ta'aziyya, muryarsa ƙasa ƙasa, ya faɗi sunansa.

Tsohon ya dube shi.

"Kai ne Alhajin."

"Ni ne."

"Ta ba ni labarinka a waya a ranar. Dariya ma take yi, ta ce yau an tuna mata matsayinta. Tun muna matasa muke tare, Alhaji. Ban ga fuskarta ba. A naɗe suka kawo ta, suka ce kada a buɗe. Daga nesa muka tsaya aka binne ta. Jikokinta har yau tambaya suke yaushe Kaka za ta dawo hutu."

Alhaji ya sunkuyar da kai. Nabiha ta sauko daga kujera ta durƙusa a gaban tsohon tana kuka.

"Ke ce Nabiha?"

Ta gyaɗa kai.

"Ranar ƙarshe da ta iya magana, da ƙyar nake jin ta. Ta ce in tambaya mata ko zazzaɓinki ya sauka. Ban san wa zan tambaya ba. To ga shi na gani da idona. Tashi, 'yata. Ke yarinya ce, an sa ki ne. Na yafe miki har zuciyata."

Sannan ya juya ga Alhaji.

"Kai kuwa, ba zan yi maka ƙarya a gidan makoki ba. Ban iya ba tukuna. Kullum ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe maka, har yanzu bai ba ni ba. Ku sauka lafiya."

Suka kamo hanyar Kano.

Nabiha ba ta rubuta jarrabawa a shekarar ba, ba ta rubuta a ta gaba ba. Maganar zama likita ta mutu, ko asibiti aka wuce da ita sai jikinta ya kama rawa. Yanzu likitan ƙwaƙwalwa take gani. Ana samun sauƙi, amma a hankali.

Ba ta taɓa yi wa mahaifinta rashin kunya ba. Kullum da safe tana zuwa ta durƙusa ta gaishe shi, ta tashi, ba ta ɗaga ido ta dube shi. Da yamma kuwa, da zarar maigadi ya buɗe wa motarsa ƙofa, Alhaji yana jin ƙarar makulli daga ɗakin autarsa.

Wata rana ya ce da Hajiya Hasiya, "Duk mutanen da na sani a ƙasar nan, babu wanda zan kira ya buɗe min ƙofar can."

Hajiya ta ɗauki farantin abincin 'yarta ta haye sama.

Darasi: Dokar da aka kafa don kare lafiyar jama'a ba wulaƙanci ba ce, kuma tsallake ta ba girma ba ne. Wanda ya ɓoye cuta don gudun abin da mutane za su ce, wani bawan Allah ne zai biya da ransa, sau da yawa ma wanda ya fi kowa tausaya masa. Iyaye, mu ji tsoron Allah: kada mu koya wa 'ya'yanmu ƙarya don kare sunanmu, domin su ne za su kwana da nauyinta. Idan an ce a gwada yaro kafin ya koma makaranta, a kai shi, a bi layi. Ku tura wannan labari zuwa zaurukan iyaye da na 'yan uwa kafin a dawo daga hutu, wataƙila ya tsayar da wata motar a bakin ƙofa.