Sarkin da Ya So a Kira Shi Mesa

Inna Ladiyo, ƙanwar kakata, ita ta fara ba ni wannan hikaya muna ɓarzar gero, kuma sai da ta rage murya kafin ta soma.

A zamanin da, an yi wani gari a bakin tafki, da wata tsohuwar kuka a yammacinsa. A kogon kukar akwai mesa, wadda ta girmi ganuwar garin. Mutanen wurin ba sa kama sunanta, don sun ce duk wanda ya kira ta, tana amsawa. Masunta su ce Igiyar Ruwa, mafarauta su ce Mai Tsawo, mata kuwa Goggo kawai suke ce mata.

Da tsohon sarki ya rasu, aka naɗa ɗansa, wanda ya tashi a garin kawunnansa can nesa. A can, mesa kirarin jarumai ne, kitsenta ma a kasuwa ake sayarwa. Sai ya yi doka: kullum in fada ta cika, a yi masa kirari da Mesa mai haɗiye maza.

Sarkin maroƙa, wani dattijo Tunau, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce a ba shi kowane suna zai ɗaga, ban da wannan. Sarki ya sa aka ɗaure shi, ya ce in Juma'a ta zo bai buɗe baki ba, hauni zai sare kansa.

Waziri Jatau ya koma gida tuwo ya ƙi shiga. Tare aka yi musu kaciya da Tunau, ya kuma san taurin kansa. Ya san Sarki ba ya jin roƙo, sai abin da ya ƙara masa girma. Da safe ya zube gabansa.

"Ranka ya daɗe, bakin talaka ya yi ƙanƙanta da fara furta suna irin wannan. Mai shi ke buɗe shi, bayi su bi."

Sarki ya ji daɗi. Ya miƙe tsakiyar fada, rana tsaka, ya kira sunan da ƙarfi. Kurciyoyin da ke kan soro suka yi tsit. Dawakin da ke turke suka daina taunar ciyawa. Jatau ya sunkuyar da kai, don shi ya haƙa ramin, bai kuwa san zurfinsa ba.

Ba wanda ya gan ta, jikokina. Sawu dai aka gani a rairayi, mai faɗin tabarma, daga kuka zuwa ƙofar gari. Aka share. Kashegari ya iso ƙofar fada. Bayan nan ya ratsa zaure, dogarai na zaune, suna rantsuwa ko ƙadangare bai wuce ba. Sarki ya soma kasa haɗiye abinci, wuyansa kamar an naɗe da rawani an ja. Ranar Alhamis ya ɗaga alkyabbarsa, saɓar maciji ta zubo daga ciki, da ɗuminta.

Ya sa aka kira Waziri, murya ba ta fita sosai. Ya tambaye shi ko ya san haka za ta faru.

"Na sani, ranka ya daɗe. Da Tunau ya kira, gidansa za ta, kai kuma ka sa wani ya kira gobe. In kaina kake so, ga shi. Amma a fara mayar mata da sunanta."

Sarki ya sauko daga karaga. Sannan ya cire takalmi, ya ɗauki ƙwaryar nono da hannunsa, ya taka har gindin kuka, gari duk na kallo. Ya durƙusa ya ce, "Goggo, na ɗauki abin da ba nawa ba. Ga shi na kawo."

Cikin kogon wani abu ya ja numfashi, dogo, har ganyen kuka ya motsa. Sarki ya haɗiyi yawu, ya wuce lafiya.

A ranar aka kwance Tunau, aka soke dokar. Jatau ya riƙe wazirci har ya tsufa, sai dai Sarki bai ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi ba.

Ni kuwa, da na kwana da hikayar Inna, gari na wayewa na ɗauki tsintsiya na share ƙofar ɗakinmu kafin kowa ya tashi, idona a rufe don kada in ga sawu.