Ranar da Gizo Ya Ture Tsani

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Rifkatu, kin tuna mutanen Babila da Fasto ya ba da labarinsu ran Lahadi, waɗanda suka so gininsu ya taɓo sama? To, ba su kaɗai suka yi wannan wautar ba. A da can dabbobi duk bakinsu ɗaya, Hausa raɗau, kuma babu mai zaƙin harshe kamar Gizo.

Wata rana Gizo ya tara su ya ce, "Kullum mu ne roƙon ruwa, mu ne jira. Na gaji! Mu gina soro ya kai sama, in hau in karɓe kujerar sarautar sama da kaina."

Giwa ta shiga kwaɓa ƙasa, Jaki na jido, Biri na jera tubali.

Ran farko gini ya wuce rimi. Kurciya ta ce, "Gobe sai mu ɗora, in Allah ya yarda." Gizo ya harare ta. "A nan cewa ake in Gizo ya yarda."

Rana ta biyu gini ya wuce dutse. Kurciya ta manta ta sake faɗa, Gizo ya jefe ta da laka.

Rana ta uku gini ya shige gajimare. Kurciya ta buɗe baki ke nan, Gizo ya ce a kore ta. Ya kafa tsani ya haye can ƙoli, shi kaɗai. Kun san abin da ja'irin ya yi? Ya sa ƙafa ya ture tsanin, wai kada wani ya biyo shi a raba sarauta.

Ya miƙa hannu, sama na nan da nisanta kamar ba a soma ba. Ga iska, ga jiri. Ya daure ya buɗe baki zai ce shi ne sarki, sai aka ji, "Ni ne shaiki!" Allah ya karya masa harshe. Tsoro ya kama shi, ya leƙo ƙasa yana ihu, "Ku kawo shani! Shani!"

Dila ya ce, "Me maigida ke so?"

Biri ya ce, "Shanu, in ji shi."

Aka koro garke guda. Shanu suka ga bango mai sanyi, suka shiga soshe-soshe da shi, ga ƙasa ɗanya. Gini ya zube rugum!

Kowa ya juyo zai zagi ɗan'uwansa. Jaki ya ɓarke da kuka, Akuya ta ce mee, Kare ya hau haushi. Ba mai gane wani, kowa ya kama gabansa.

Gizo kuwa yana cikin faɗowa ya ce, "Wayyo Allah, na tuba!" Wannan kam ta fito daidai. Allah mai jinƙai ya ba shi zare siriri, ya maƙale. Habila, ɗaga kanka ka dubi lungun rufin nan. Ga shi can yana reto, bai kai sama ba, kunya kuma ta hana shi sauka.

Don haka, jikokina, duk mai ɗaga kansa ya yi jayayya da Ubangiji, ƙasa zai dawo. In kun hau, ku bar tsani a jingine.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.