Ruwan Kifin da Ke Jan Mutane

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah mai gyaran wutar lantarki, ana ce masa Ilu. Ba shi da shago. Filaya da testa ta gwada wuta ne a jakar buhu, sai tsohon keke. To, ku saurara.

A garin akwai wani attajiri, Alhaji Barau, ya sayo akwatin gilashi na kifi ya kafa a falo. Kifaye jajaye, ba na ci ba, ba na sayarwa ba, na kallo kawai. Da fitila a sama, da ɗan injin da ke hura musu iska a cikin ruwa. Ilu ne ya haɗa wutar. Mai ba su abinci kuwa Baba Nomau ne, mai gadin gidan, shekararsa ashirin a bakin ƙofar.

Rannan Alhaji ya yi baƙi, ya tsoma yatsa zai nuna musu babban kifin. Sai ga Alhaji a sama, hula ta yi gabas. Hajiya ta taɓa, ta saki salati. Direba ya ce shi ba ya tsoro, ya taɓa, ya zauna a ƙasa bai shirya ba. Amma Baba Nomau kullum sai ya zura hannu har gwiwa ya kwashe datti, ko gezau.

Kun san halin mutane. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka: aljanu ne a ruwan, tsohon ne ya ajiye su, shi ya sa ba sa taɓa shi. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, kifi na kallo. Alhaji ya ce Baba ya tattara kayansa, Ilu kuma ya zo ya cire wayoyi a fitar da akwatin.

Ilu ya tarar da tsohon a ƙofa yana naɗe tabarma.

"Baba, ina zuwa?"

"Wai ni ne mai kiwon aljanu, ɗan nan. Ni da ko akuya ban ajiye ba."

Ilu ya tuɓe takalmi ya shiga. Ya sa testa a ruwa, ta kama ja. Ya zare fulogin fitila, tana nan ja. Ya zare na injin, ta mutu. Ya bi wayar injin da hannu a hankali, sai ga wani haɗi a ƙarƙashin murfi, salatif ɗin ya warware, ya nutse a ruwa. Naɗinsa ne. Ranar haɗawa waya ta gaza, ya yi ƙari, ya ce gobe zai kawo sabuwa. Goben nan wata bakwai ke nan.

Ku saurara da kyau. Babu wanda ya gani. Cire waya aka kira shi ya yi. Da ya yanke ya jefa a jaka, da magana ta mutu. Kuma duk aikin da yake samu a layin nan, ta hannun Alhaji yake zuwa. Da ni ne ko kai, ko mun tausaya wa tsohon, injin za mu ɗora wa laifi, tunda inji ba ya magana.

Ilu ya ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, ba aljanu ba ne. Wuta ce ke zuba a ruwan, kuma ni na jawo. Ga haɗin da na yi."

Alhaji ya ce, "To don me ba ta jan Nomau? Ɗan'uwanta ne?"

Aka kira Baba. Ilu ya ce ya nuna yadda yake yi. Baba gajere ne, hannunsa ba ya kai wa. Ya jawo kujerar roba ya hau.

"Kun gani? Ku kuna tsaye ba takalmi, wuta ta bi jikinku ta shige ƙasa. Shi a kan roba yake, ba ta da hanya."

Alhaji bai yarda ba sai da aka mai da fulogi. Ya tattare babbar riga ya hau kujerar, direba na riƙe da ƙafafunta, ya tsoma yatsa ido a rufe. Shiru. Ya sauko yana huci.

"Ilu, ashe kai ne aljanin. Gyara, ka fita. Kada in sake ganin kekenka a layin nan."

Ilu ya sa sabuwar waya mai tsawo, babu haɗi, ya ɗaga soket sama inda ruwa ba ya kai wa, ya gwada da testa, sannan da hannunsa, ƙafa a ƙasa. Ya ɗauki jaka. A ƙofa Baba ya riƙe masa hannu ya daɗe yana sa albarka.

Ba zan ce muku Ilu ya yi arziki ba. Shekara guda bai sami aiki a layin ba. Amma tsoho ya koma bakin aikinsa, ya ƙare rayuwarsa da mutuncinsa.

Jama'a, faɗin gaskiya a kan wani ba wuya, kowa gwani ne. Gaskiyar da Allah ke dubawa ita ce wadda za ta ci ka. Kai tela da ka ɓata yadi ka ce yadin ne, ke da kika ƙona tuwo kika ce itace ne, ku duba wa ke ɗauke da laifinku yau. Ku je ku sauke masa tun kuna da baki. Allah ya sa mu iya.