Gayyar Gonar Barmo

An yi wani mutum, wani bawan Allah ana ce da shi Barmo, a wani ƙauyen Maguzawa, tun ba a san takin buhu ba. Ku saurara, matan zumunta. Ke Rifkatu, bar ɗankwalin nan haka, ya ɗauru.

A garin nan, kafin shuka, kowane maigida sai ya yanka wa Uwar Gona, iskar da suke bauta wa, zakara a gindin tsamiya. Barmo ya karɓi Yesu, ya ce shi da yankan nan har abada. Sarkin Noma ya ce, "Madalla. Ba mai shiga gonarka gayya. Yesun naka ya zo da garmarsa."

Gayya kuwa bashi ce, kun sani. Ka yi mini, in yi maka. Amma duk gonar da aka buga gangar gayya, ga Barmo da fartanya. Suna noma suna tsokanarsa: "Ɗan Lahadi, ina baƙon naka? Ko garmar tana wajen maƙeri?" Ran tasa gayyar, matarsa Mantai ta tuƙa tuwo tukunya guda. Kaji ne suka zo.

Ta ce, "Maigida, ni fa ban gane ba. Zakara ɗaya! Ka yanka, ran Lahadi ka roƙi gafara."

Ya ce, "Ni ma ban gane ba, Mantai. Ina addu'a, ciyawa tana tsiro. Amma bakin da ya amsa a ruwan baftisma, da shi zan je tsamiya?"

"To gonakin mutane fa, me ya kai ka?"

"An ce in ƙaunaci maƙwabcina. Ban ji an ce sai ya rama ba."

Kuna jira in ce gonarsa ta fi ta kowa, ko? Ina! Ciyawa ta cinye ta.

Ran girbi sai ga Sarkin Noma da mazan gari, fuska a murtuke. Ya ce, "Barmo, ka ɗaure mu. Da guminka a dawata, tuwo ya ƙi wuce mini maƙogwaro. Mun zo biya."

Suka shiga gona. Maza sun fi dammuna yawa. Kafin rana ta yi zafi an gama, aka tsaya ana kallon juna.

Sarkin Noma ya sosa ƙeya. "Yanzu mun biya ke nan, ko ba mu biya ba?"

Barmo ya ce, "Oho. Ku zauna a kawo kunu."

Shekarar nan da kalar hatsi a gonakin mutane suka rayu, shi da Mantai. Zakaran kuwa tsufa ya kashe shi.

Ni da ko ludayi kika ara ba na mantawa, na juya lissafin nan, na juya, ya ƙi fita. Abin da na gane ɗaya ne: bangaskiya ba gayya ba ce, da za ki ce na yi wa Allah, ya rama mini kafin kaka. Ke da dangin miji ke wa dariya saboda majami'a, kin gane, ba ki gane ba, kada ki kai zakaranki gindin tsamiya.