Raƙumi da Dirkoki Uku

"To, ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani Raƙumi ne, fari ya koro shi daga arewa, ya yi ta nausawa kudu har ya shiga kurmi. Bai zo da komai ba sai buhun dabino da uwarsa ta ɗaura masa. Shi kaɗai ne abincinsa, don duk ganyen kurmin da ya taɓa sai cikinsa ya murɗa.

Ƙasar nan ta rikita bawan Allah. Itatuwa sun rufe sama, gumi ba ya bushewa, ga kowa ya ɗage ɗakinsa sama kamar rumbu. Shi kuwa ya hango wani kwari mai sanyi a bakin rafi, ba kowa. Ya ce, "Mutanen nan ba su san daɗi ba." Ya kafa bukka a ƙasa yadda ake yi a garinsu, ya ajiye buhunsa.

Da safe sai ga Biri da dirka, ƙaton itacen nan mai baki biyu. Ya jingina ta a ƙofa, ya ce, "Sannu da zuwa, maƙwabci," ya juya. Raƙumi ya shinshina, ya ɗan gatsa. A garinsu ruwa ake kawo wa baƙo, ko fura. Itace kuma na mene ne? Kunya ta hana shi tambaya.

Gizo kuwa, kun san halinsa, yana laɓe yana kallo. Ya fito yana girgiza kai.

"Malam Raƙumi, wa ya yi maka wannan wulaƙanci?"

"Au, wulaƙanci ne?"

"A nan in an kawo maka itace, ana nufin ka bar gari kafin a jibge ka da shi. Kawo in jefar maka."

Raƙumi ya miƙa, har da godiya.

Washegari Kunkuru ya jawo tasa dirkar, yana haki yana murmushi. Raƙumi ya ce wa Gizo, "Amma wannan da fara'a ya zo."

"Ai masu fara'ar sun fi mugunta. Kawo."

Rana ta uku tsohuwa Giwa ta kawo tata, ta ce, "Ɗana, ka hanzarta, hadari ya fara haɗuwa." Raƙumi ya buɗe baki zai ce ya hanzarta yin me, sai ya haɗiye maganar. Gizo ya zo ya kwashe. Ranar Raƙumi ya yi kuka, ya rasa laifin da ya yi wa mutanen nan.

Da azahar ruwa ya kece. Ba irin namu ba fa, wannan kamar da bakin ƙwarya. Rafi ya cika ya shigo bukka. Raƙumi ya ciji buhunsa ya ɗaga kai. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya kai wuya.

Giwa ta keto ruwan, Biri da Kunkuru a bayanta. Ta ce, "Kai yaron nan, ina dirkokin da muka ba ka ka ɗaga ɗakinka?"

Wai Raƙumin da ya yi kwana uku da baki a rufe, sai yanzu ya ga damar magana. Ya ce, "Ashe ba korata kuke yi ba?"

Buhu ya faɗa ruwa tsundum. Giwa ta cafko gefensa da hanci, amma rabin dabinon uwarsa ya bi rafi, yana ji yana gani.

Biri ya waiwaya, sai ga sabon ɗakin Gizo a sama, a kan dirka uku. Ya ce, "Waccan tawa ce." Kunkuru ya ce, "Ga tawa." Giwa kuwa sai ta zare tata. Ɗaki ya kife, Gizo ya sha ruwa har ya gode Allah.

Da ruwa ya janye, suka taru suka ɗaga wa Raƙumi ɗaki. Ya ɗebo sauran dabinon ya ba kowa. Biri ya jujjuya nasa, ya ce, "Maƙwabci, wannan kuma me ake yi da shi?"

Raƙumi ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ci ake yi. Ka ga, kai ka tambaya."

To, kun ji. Duk inda kuka baƙunta kuka ga abin da ba ku gane ba, ku tambayi wanda ya yi shi, kada ku tsaya jin kunya har wani ɗan gari na iya ya fassara muku.

Ƙungurus kan kusu, kowa ya nemi tabarmarsa.