Kala a Gonar Baladona

An yi wani sarki, Yazidu, wanda murɗar ciki ta hana shi sakat, har wani likita baƙo ya kawo masa irin wata shuka, baladona, 'yar'uwar zaƙami. Aka shuka ta a gonar sarki. Ganyenta, in an tsinke tana fure aka shanya a inuwa, magani ne. 'Ya'yanta kuwa baƙaƙe ne kamar ɗinya, ga zaƙi, ga ajali.

Da aka gama tsinkar ganye, sai tsofaffin mata suka taru bakin shinge da ƙorai, domin a ƙasar nan ba a taɓa hana talaka kala ba. Mai kala kuwa, kowa ya sani, hannu na tsinta baki na ɗanɗanawa.

Sarki ya kira wazirinsa Jabiru, ya ce, "Ya kai ma'abucin hikima, in na rufe gonar nan na zalunce su, in na buɗe na kashe su. Kawo mafita, ko ka ajiye rawani."

Waziri ya fita, zama ya gagare shi. Ya kai gwauro ya kai mari bakin shingen. Ba rawanin ne ya dame shi ba, matan nan ne, domin da hatsin kala uwarsa ta raine shi. Ya roƙi babbarsu, Tambai, ta janye su.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, tun kakanni ba mu taɓa komawa da ƙorai wayam ba. Yau ce za mu fara?"

Tausayi ya kama shi, ya miƙa mata goro. Ta ture, ta ce, "Sai an sha ruwa, ɗana. Yau Alhamis."

Waziri ya yi tsaye cik, sa'an nan ya nufi fada har alkyabba na harɗe shi. Ya faɗi, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, a buɗe gona, amma kada kowa ya shiga sai mai azumi. Abin da suka tsinto a karɓa a ƙofa, a musanya musu da gero, su wanke hannu da toka."

Haka aka yi. Matan suka fito lafiya lau, Tambai na mitar geron nata bai cika ƙwarya ba.

Sarki ya ba waziri gandu guda, ya ce, "Haƙƙin talaka da ransa duk amana ne a wuyan mai mulki, ba a sayen ɗaya da ɗaya."